Turbar Gidan Kaba

Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ku saurara. Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da muka kafa turken farko a Gidan Kaba ba. Lokacin ana tsakiyar ginin ganuwar Birni, ni kuwa ina baran wani bafade, Ɗan Baro, wanda aka ɗora wa fitar da hanyoyin ƙauyuka.

Gidan Kaba ƙauyen masunta ne a bakin wani tafki, can wajen Dogo. Hanyarsa ɗaya ce, siririya, tana murɗewa cikin ciyawa da taɓo. Baƙo bai isa ya bi ta ba sai da ɗan gari. Fatake kuma a Zango suna son busasshen kifinsu ya riƙa isowa a bayan takarkari, ba a kan mata ba.

Ga yadda muke aiki. Da damina ake duba wuri, a bi sawun shanu, domin saniya ba ta taka inda za ta nutse. A kafa turaku. Da rani a dawo a sare, a zuba tsakuwa da yashi.

Ina cikin kafa turaku a Gidan Kaba sai mai garin, Baba Gwani, ya biyo ni yana jan ƙafa. Ya ce, "Ɗana, ka bar mana murɗe-murɗen nan. Faɗin jaki ɗaya ya ishe mu. Taɓon nan shi ke tsare mu, doki ba ya shigarsa."

Na kai maganar gaban ubangidana, na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan mahara suke tsoro." Ya ja tsaki. "Kai, wa ma ya san da zamansu? A miƙe ta, takarkari biyu su wuce ba su gogi juna ba."

Muka miƙe ta. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba, kuma abin da ke ci mini rai ke nan. Mutanen garin da kansu suka ɗebo yashin.

Damina ta zagayo, aka tura ni in ga ko ruwa ya ci hanyar. Ko kaɗan bai ci ba. Sai dai na ga ɗanyen sawun kofato, shiga da fita, a tsakiya kuma sawun mutane a jere, manya da ƙanana, duk sun fuskanci waje. Innalillahi! Bukkoki a ƙone, tarun kamun kifi a yashe. Baba Gwani kaɗai na tarar zaune a bakin ruwa. Ya tsufa da yawa, ba mai sayensa.

Bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Hanyarka ta yi kyau, ɗana. Ko ɗaya cikin jikokina bai yi tuntuɓe ba."

Ranar na gane mu masu fitar da hanya ƙasa kaɗai muke dubawa, ba ma tambayar wa zai biyo. Na koma na faɗa wa Ɗan Baro. Ya ce akwai wani ƙauyen a bayan tafkin, gobe in ɗauki turaku. Na ɗauka.