Katakon Gadon da Baba Ya Ajiye Mini

Ranar kasuwar Ɗambatta ce, a kakar shekarar da na shiga aji uku na firamare. An gama yankan gero, tsakar gidanmu cike da dammuna ba wajen sa ƙafa, ina zaune a gindin turmi ina ɓarar gyaɗa ina cinye rabi, sai na jiyo ƙararrawar keken Baba tun daga bakin rijiya. Baba ba mai buga ƙararrawa ba ne, ko akuya ce ta tare masa hanya sauka yake yi ya lallaɓa ta, don haka na san yau da magana. Ya turo keken har tsakar gida, abin da Inna ta sha hana shi, ya kwance wani ɗan akwatin roba ja daga bayan sirdi, ya ajiye a kan tabarma a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Da ya buɗe sai ga ƙarafuna a jere suna ƙyalli, kowanne a raminsa. Na layin sama dogaye ne masu murɗi, irin na huda katako, waɗannan na san su. Na layin ƙasa kuwa gajeru ne masu kai, an shafa musu fenti rawaya, ban taɓa ganin irinsu ba. Ya dube ni yana haki ya ce, "Uwata, ga adon gadonki na sayo."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Shi ne kafintan ƙauyenmu, can tsakanin Ɗambatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, kowace bishiya kuma da mai ita. Da damina manomi ne kamar kowa, da rani sai ya koma rumfarsa da ke jikin zaure. A nan na yi wayo. Yara mata 'yan uwana suna dandali suna gaɗa da carafke, ni ina rumfa ina kwasar garin katako a kwano ina dafa tuwon wasa da shi, in na gama in kai wa Inna ragowar ta cusa a murhu. Ƙofofin garin, da allunan makarantar allo, da kujerun mata 'yan tsugunne, da bencinan firamarenmu da yara maza ke karyawa kowane zango, duk ta hannunsa suka bi. Yana da abin huda katako na hannu, wanda ake danna kansa da ƙirji ana juya mariƙinsa, har ya yi masa kanta a tsakiyar ƙirji. Ban san abin da ya fi mini daɗi a lokacin ba kamar in tsuguna in ga murɗaɗɗen ɓawo yana fitowa daga ramin, in hure shi, Baba ya ce na fi iskar bazara aiki.

Maganar gadon kuwa ta girmi akwatin. A bakin gonar kakata, mai sunana, akwai wani tsohon maɗaci da iskar farkon damina ta kayar ina 'yar ƙarama. Da aka zo rabo, 'yan uwan Baba suka kwashi rassa don girki, shi kuma ya roƙi a bar masa gindin. Ya ɗauko masu zarto suka yanka masa shi katako, jajaye, masu nauyi, masu wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci, ya jera su a ƙuryar zaure a kan duwatsu. Mutane sun sha zuwa nema, wani zai yi ƙofar shago, wani ma don masallaci, amsarsa ɗaya ce: "Bishiyar uwata ce, gadon Uwata za a yi da ita." Inna takan taɓe baki ta ce yarinyar da ko majina ba ta iya fyacewa ba ita ake tanadar wa gadon aure. Ni kuwa kaina ya kumbura, ko faɗa muka yi da ƙawayena sai in ce musu ni dai ina da gado.

Abin da ya tayar masa da hankali shi ne gadajen Kano. A shekarun nan aka fara kawo wa amaren ƙauyenmu gado daga birni a bayan a-kori-kura, masu ado a gefe, wani lanƙwasa mai hawa-hawa, sumul, ba alamar hannu. Mata su cika ɗakin amarya suna shafawa suna salati. Daga nan aka daina kawo wa Baba aikin gado, sai gyaran ƙafar kujera da ƙofar akurki. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma na gan shi a gidan wani biki, an fito da kan gado ana shirin shigarwa, ya tsaya yana bin gefen da babban yatsansa har mai motar ya ce masa Malam a ba mu hanya. To da ya ga akwatin nan a shimfiɗar wani mai kayan ƙarfe a kasuwa, da araha, da hoton irin wannan adon a jikin murfin, bai tsaya dogon tambaya ba. A ganinsa duk ƙarfen da ke da wutsiya zai shiga bakin abin hudarsa, in ya shiga kuma sauran aikin na ƙirji ne da haƙuri, su kuwa yana da su.

Washegari da hantsi ya gwada a kan guntun darbejiya, ni da Baffa Sale, ƙaninsa, muna kallo. Dogayen suka yi aiki lafiya lau, suka huda katako kamar ana huda kabewa. Sai ya ɗaura ɗaya daga cikin masu kan rawaya, ya kafa a gefen katakon, ya danna, ya juya. Ƙarfen ya yi tsalle ya yagi katakon. Ya sake, ya sake yagewa. Ya canza wani, ya sa Baffa ya riƙe masa, ya juya har gumi ya jiƙa rigarsa, abin da ya fito kamar ɓera ya gwaigwiyi rogo. Baffa Sale ya yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya shi, don ban san abin da nake gani ba. Sai da kasuwa ta zagayo wani kafinta a Ɗambatta ya yi masa bayani: waɗannan bakunan wani inji ne da ake kira rauta, wuta ke juya shi da gudun da hannun ɗan Adam ba zai taɓa yi ba. Mu kuwa ko ƙwan lantarki ɗaya babu a garinmu. Baba ya dawo ya zauna a rumfa, ya ce, "To, ba su lalace ba ai. Wuta suke jira, mu ma ita muke jira."

Haka muka shiga jira mu uku, ni da shi da akwatin. Wata shekara aka zo aka kafa turakun wuta a bakin hanya, garin ya ɗauka da murna, Baba ya ware wani ɗan maraƙi ya ce na injin ne, ranar da aka ja waya za a kai shi kasuwa. Ba a ja wayar ba. Turakun suka zama wajen ɗaure jakuna da mazaunin shaho, maraƙin ya zama sa, wata shekarar da gero bai yi ba aka sayar da shi aka ci. Dogayen ƙarafunan nan na araha suka yi ta karyewa ɗaya bayan ɗaya a cikin aiki, layin sama ya zama wawulo, na ƙasa kuwa suna nan sababbi fil. Duk ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya fito da su ya goge da tsumma da ɗan man keke. Ni kuma aikina katakon. In na dawo daga kiwon awaki ko roron wake, sai in leƙa ƙarƙashinsu in duba ko gara ta fara gini, in ta fara in rushe in zuba toka. Na tsani gara fiye da yadda na tsani lissafi. Akwai ranar da na kama wani yaron maƙwabta yana zane da gawayi a jikin katakon, na bi shi da muciya har ɗakin uwarsa, aka yi ta ba Inna haƙuri maimakon ita ta bayar. Baba yakan ce mini, "Ki bar shi ya sha iska, katakon da ya daɗe yana jira ba ya motsi in an haɗa shi."

Ina shekarar ƙarshe a firamare, tsakiyar damina, ana cikin marka, Baba ya dawo daga noma da zazzaɓi. Mun ɗauka na kwana biyu ne irin na kowa. Kafin a samu motar da za ta iya ratso taɓon hanyarmu jikin ya rikice, wata safiya bayan an idar da sallar asuba da kaɗan ya cika. Ba zan iya faɗin yadda gidan ya kasance ba, abin da na riƙe kawai shi ne ina zaune a ɗakin Inna cikin mata, an yi masa wanka an yi masa sutura, maza sun tafi maƙabarta, hadari kuma yana sake haɗowa daga gabas.

A wajenmu in an sa mamaci a ƙaramin ramin kabari, itace ake jerawa a kai a rufe ruf, a bi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, don kada ƙasa ta zubo masa. To ranar ƙasar ta sha ruwa, bakin ramin ya yi ta zubewa har ya yi faɗi, itatuwan da aka saro suka yi gajarta. Ba lokacin shiga gonakin mutane neman dogon reshe, ga gawa a ajiye, ga ruwa na shirin saukowa. Sai ga Baffa Sale a ƙofar ɗaki, ƙafafunsa duk taɓo, ya kasa ɗaga kai. Ya yi wa Inna bayani a hankali, ya ce ba wani busasshen abu mai tsawo da ƙarfi a kusa sai katakon zaure. Inna ta ce, "Ba nawa ba ne, ga mai shi nan." Duk aka juyo ana kallona. Baffa ya durƙusa, mutumin da bai taɓa kirana da komai ba sai sunana, ya ce, "Uwata, kin yarda?" Na gyaɗa masa kai.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka ban ga an jera su ba. Ji na yi. Daga ɗakin Inna ina jin zarton Baba a hannun wani, yana ci yana sarƙewa, ba irin tafiyar da na saba ji ba. Kowane guntu ya faɗi ƙasa sai na ji shi a ƙirjina. A nan ne na yi kukan da ban yi ba da safe, har mata suna rufe mini baki suna cewa in yi ta salati. Da yamma, bayan an watse ruwa ya sauko, na shiga zaure na tarar da duwatsun nan tsirara, da jan gari a ƙasa, da wani guntu ɗaya da ya rage, bai fi tsawon hannuna ba. Na share garin, na ɗauki guntun na haɗa da jan akwatin na sa a ƙasan kayana.

Da aurena ya zo, gadon Kano aka saya mini kamar kowa, mai ado a gefe. Bai yi damina nawa ba ya kumbura ya ɓare, ashe garin katako ne aka matse aka lulluɓe. Wuta ta iso ƙauyenmu daga baya, a kan waɗansu turakun dabam. Yanzu a Ɗambatta nake zaune da 'ya'yana, kuma irin akwatin nan ya zama ba komai ba, ga su nan a shimfiɗe a kasuwa, yara ma a waya suke zaɓa a aiko musu. Kafintocin layinmu kowa da injinsa, wasu ma na caji ne, ba ruwansu da jiran wuta.

Bara na yi ƙarfin hali na ɗauki akwatin da guntun maɗacin na kai wa wani matashin kafinta a bakin titi. Ya juya ƙarafunan ya ce, "Hajiya, ai waɗannan ko taɓa su ba a yi ba." Na nuna masa wanda Baba ya fara gwadawa. Ya ɗaura a injinsa, ya kunna, ya bi gefen guntun sau ɗaya, kafin in gyara mayafina ya gama. Ya hure jan garin ya miƙo mini. Ga lanƙwasar nan mai hawa-hawa, sumul, ga ƙamshin nan mai ɗaci-ɗaci ya taso kamar ina zauren gidanmu. Na bi gefen da babban yatsana, hawaye suka hana ni ganin fuskar yaron, shi kuma ya rikice yana tambaya ko bai yi daidai ba ne. Na ce masa ya yi daidai, haka ake so.

Guntun yana kan durowata yanzu, in na share ɗaki nakan ɗaga shi in duba ƙarƙashinsa, ko da yake ba gara a nan. Ba na baƙin cikin inda sauran suka tafi, don na san ƙasa ba ta zubo wa Baba ba. Abin da ke ci mini rai kawai shi ne, adon da ya sayo mini da murna har yana buga ƙararrawa, shi bai taɓa ganinsa ba.