Kiɗan da Aka Ce Ya Lalace

Ni da ɗan baffana muka buɗe kamfanin, idan har shago ɗaya a Ƙanƙara mai tsohuwar kwamfuta da sifika biyu ya isa a ce masa kamfani. Kiɗan na'ura muke fitarwa, wanda ake kira tekno: ba mawaƙi, ba amshi, bugu ɗaya ne yake ta maimaita kansa, yana sauyawa kaɗan-kaɗan. Matasa kan haɗa nasu su kawo, mu tace, mu sa tambarinmu.

A wajenmu kuwa kiɗa ba ya zuwa kunnen kowa sai ta hannun mai turi, wato mai zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Duk masu turin da na bi sun ƙi mu, sai wani Malam guda a kasuwar Faskari. Ranar da ya yar da mu, ranar za mu rufe shago.

To, ga inda ɓacin ran yake. Mutane suka riƙa dawo masa da waya, wai memori ya maƙale, sun jira a fara waƙa har sun gaji. Malam ɗin ma da kansa ya taɓa tambayata ko wurin turowa ne muryar ta faɗi. Na yi bayani har bakina ya bushe. Suna dai ya bi mu: lalataccen nan. Wallahi na ji zafin sunan, ni da nake kwashe yini ina gyara bugu ɗaya.

Wata ranar kasuwa Malam ya aiko in zo, akwai mai ƙorafi. Na hau mota ina ta shirya baƙar maganar da zan yaɓa masa idan ya sallame mu.

Na tarar da wani dattijon direba zaune a bencin Malam, mai ɗaukar masara zuwa Sabuwa. Na gaishe shi, na ce Baba ga ni. Ya ce shi ƙorafinsa ɗaya ne, abin yana ƙarewa tun bai kai rabin hanya ba. Hanyar nan kuwa kowa ya san da fargaba ake binta. Waƙa mai magana, in ji shi, tana tuna masa iyali, sai zuciya ta karye. Wannan kuwa ba ya ce masa komai, riƙe shi kawai yake yi har ya fita daga dajin. Abokan aikinsa ma duk sun karɓa.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kunyar maganar da na ƙullo ta kama ni.

Baba ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗana, in babu damuwa, ka lalata mani wani. Amma ka yi shi da tsawo, ya kai ni gida."