Marainiya Mai Uba

Man shafawar nan da matan Abuja ke rububi a kansa, a tukunyar Innarmu aka fara dafa shi, kuma ba don sayarwa ba. Don ƙafar Baba aka yi shi. Babanmu mutum ne mai faso, irin wanda in ya taka tabarma sai ka ji tana ƙara. Zuma ce sana'arsa. Yana da amya rataye a kan ɗorawa da kirya a dajin bayan ƙauyenmu, can wajen Kazage, kuma yawon dajin nan ne ya mayar da dugadugansa kamar bawon itace. In an tace zuma, sai Inna ta narka kakin da ya rage, ta haɗa shi da man kaɗen da ta yi da hannunta, ta zuba a tsohon gwangwanin tumatir. Duk gidan da shi muke shafa, har mun gaji da ƙanshinsa.

Mu biyu ne mata a gidan, ni da ƙanwata da muke kira Auta. Ni na tsaya a koyarwa a firamare, ita kuwa kanta ya ja har jami'a a Zariya. Da za ta tafi, Inna ta cusa mata gwangwani ɗaya a jaka, tana ta ƙunƙuni wai za a yi mata dariyar ƙauyanci. Dariyar ba ta zo ba. 'Yan ɗakinsu suka lashe gwangwanin tas, suka ce a kawo wani. Daga nan Auta ta fara kiran waya, ba don gaisuwa kaɗai ba.

Na ga girman abin nan da idona, tun yana rarrafe. Daga gwangwani aka koma 'yar roba, daga roba aka koma kwalba mai murfi ruwan zinare, da hoton ƙudan zuma a jiki. Ta sa masa suna na Turanci, ta buɗe shafi a waya, ta ɗauki 'yan mata masu naɗe kwali. Ba zan rage mata ba, yarinyar tana da kai, kuma tana da baki. In ta yi maka tallar ruwan rijiyarku sai ka saya.

Ana cikin haka daji ya gagari mutane. 'Yan bindiga suka zauna a cikinsa, muka kwashe muka dawo cikin Birnin Gwari, amyar Baba ta zama ta wanda ya iske. Na ɗauka shi ke nan, sai ga tsoho ya sami sabon aiki. Ya riƙa bin kasuwa yana sayen saƙar zuma a hannun masu ƙarfin halin da ke shiga daji har yanzu, ya shinshina, ya ajiye wannan, ya ɗauki wancan. Shi zai narka, shi zai tace, shi zai ɗaura a bayan keke ya kai tasha ya damƙa wa direba. A majalisarsu ta ƙofar masallaci ba ya cewa kamfanin Auta, sai dai "kamfaninmu". Abokansa har suna tsokanarsa da manaja, shi kuma yana amsawa da gyaran hula.

Wata rana a ofishin malamai, wata abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta, fuskarta wani iri.

"Malama, ba jiya na ga Baba a kasuwa ba?"

Na ce shi ta gani.

"To, kalli wannan."

Auta ce a wani babban taro a Abuja, ta sha leshi, tana ba da labarin yadda ta kafa kamfani, da Turanci. Ta faɗi dajin, ta faɗi amya, ta faɗi tukunyar Inna, duk daidai. Sai na ji ta ce wata safiya mahaifinta ya tafi duba amyarsa, 'yan bindiga suka harbe shi a gindin ɗorawa, kuma don tunawa da shi take yin wannan mai. Ta tsaya ta share hawaye da gefen mayafi. Mutane suka miƙe suna tafi.

Na mayar wa abokiyar aikina wayarta. A garin nan muna da matattu na gaske. Matar da ke katanga ɗaya da mu, mijinta ya tafi gona bai dawo ba, ko gawa ba ta samu ta yi wa wanka ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mata tafi. Ita kuwa ƙanwata ta ɗauki uban da ke tace mata kaki da hannunsa ta binne shi don kwalba ta shiga.

Ban jira an tashi daga makaranta ba na kira ta.

"Auta, yaushe Baba ya rasu ba ki gaya mana ba?"

Ta yi 'yar dariya. "Haba Yaya, ke ba ki san harkar nan ba. Man kaɗe fa kowa na sayarwa. Labari ake saye. Da farko cewa na yi ya rasa amyarsa, ba wanda ya ko ɗago kai."

"Shi ne kika ƙara masa da ransa."

"Da Turanci ne fa. Ina Baba zai ji?"

Wannan maganar ta fi ƙona mini rai fiye da ƙaryar kanta. Wato ta auna, ta ga tsohon bai je boko ba, ta ce a nan za ta ɓoye. Na ce mata zai ji, don ni zan fassara masa.

Na same shi a tsakar gida, ya ɗora tukunyar kaki a murhu yana juyawa da itace. Na zauna na gaya masa komai, ban sa sukari ba. Inna ta saki tsintsiya ta shige ɗaki. Shi kuwa bai daina juyawa ba.

"A gindin ɗorawa ta ce?"

"Eh, Baba."

"Ta dai zaɓa mini inuwa mai kyau."

Ya yi murmushi. Can ya ce, "Yarinta ce. Baki ne ya suɓuce mata a gaban manya, ta rasa yadda za ta janye. In ta gan ni tsaye a gaban mutane, za ta gyara. 'Yata ce, na san ta."

Lokacin ana shirin buɗe babban shagonta a Kaduna. Na sake kiranta na ce Baba zai zo, kuma ya san komai. Ta yi kuka sosai a wayar, ta ce kunya ta hana ta kiransa, ta rantse mini cewa a ranar, a gaban kowa, za ta kama hannunsa ta ce ga mahaifinta. Na yarda da ita. Ni da na goya ta a bayana, me zai sa in ƙi yarda?

Baba ya kai shadda wajen tela, ya yi aski, ya sanar da majalisa kaf cewa manaja zai je buɗe kamfani. Duk wanda ya san hanyar Kaduna a shekarun nan ya san ba a hawanta don nishaɗi. Mota ta yi tsit tun daga fita gari, kowa na motsa baki da addu'a, ido na kan daji. Shi kaɗai ne ke hira, yana nuna mini itatuwan da suka dace da amya.

Shagon ya haɗu, ba ƙarya. Gilashi ko'ina, sanyin na'ura, kwalabe jere cikin haske kamar a kantin magani. Ƙanshin tsakar gidanmu ne ya cika wurin. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana neman inda zai cire takalmi, na ce ya bar su. Auta ta hango mu, ta taho da sauri ta durƙusa ta gaishe shi ƙasa-ƙasa, ta kai mu kujerun gefe, aka kawo mana lemo.

Aka yi jawabai, aka yanka kyalle. Ina ta jiran ta kira shi, ba ta kira ba, amma ba ta kuma maimaita labarin ba, sai na ce a raina wataƙila tana tattara ƙarfin hali ne. Da aka fara watsewa, wata Hajiya mai ƙiba, wadda aka ce ita ta ɗaure wa kamfanin gindi tun daga taron Abuja, ta nufo inda muke, Auta na biye da ita. Baba ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

Hajiyar ta ce, "Wannan dattijon fa? Kamarku ɗaya."

Auta ta kama hannunsa, kamar yadda ta yi alkawari. Ba ta kalle ni ba.

"Baffana ne, Hajiya. Ƙanin marigayi."

Na buɗe baki, Baba ya ɗora ɗaya hannun a kafaɗata ya danna. Hajiyar ta rusuna, idonta ya kawo ruwa, don ita tsakani da Allah take yi.

"Sannu Baba, ya ƙarin haƙuri? Ɗan'uwanka ya bar 'ya ta gari. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Baba ya dubi Auta, ya daɗe yana dubanta, yana ba ta lokaci. Ta sunkuyar da kai tana gyara zoben hannunta.

Ya ce, "Amin, Hajiya. Na gode."