Jar Wuta a Amfilifayar Baffa

Baffana ne ladanin masallacinmu na Limancin Kona tun ina yaro. Da tsufa ya kama shi muryarsa ta dushe, sai an ƙure amfilifaya ake jinsa. Ita kuma da an ƙure ta sai ta kama shuuu, kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. 'Yan kwamiti suka fara zancen nemo wani ladanin, Baffa ya daina cin abincin kirki.

Gyaran rediyo nake yi, sai na ɗauke ta zuwa shagona a Ƙofar Kuyambana. Mai laifin wani ɗan abu ne da muke ce wa zena, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Aikinsa riƙe wuta kada ta hau ko ta sauka, amma yana yi yana tsaki, tsakin ya bi muryar mutum ya fita ta lasifika. Na cire shi, na jera ƙananan ƙwayayen fitila masu jar wuta, waɗanda ake ce wa LED, a madadinsa. Su ma suna riƙe wutar, kuma bakinsu alaikum. Ranar har Ƙofar Jatau aka ji la'asar ɗin Baffa tas.

Mu kuwa a nan, jar wuta a jikin na'ura ba ta da fassara sai ɓaci. Wata rana ina can ƙauye wajen ɗaurin aure, Alhaji shugaban kwamiti ya leƙa ta ramukan akwatin amfilifayar, ya hango ja. Ya ce wuta za ta cinye masallaci. Ko waya bai yi mini ba, ya kai wa wani mai gyara, shi kuma ya zare ƙwayayen duka ya mayar da zena sabo fil.

Na dawo na tarar da shuuu, da sabon ladani mai murya kamar injin niƙa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi bayani har bakina ya bushe, Alhaji ya ce ai an riga an yi wa mutum alkawari, ba a warwarewa.

Na ce wa Baffa zan sake gyarawa, in naɗe ƙwayayen da baƙin tef kowa ya huta. Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Bar ta haka," ya ce. "Wannan ko ba lasifika ana jinsa."

Har yau shi ke fara zuwa masallaci, ya zauna nesa da makirufon.