Babban Yatsan Yaya

Yayana makaho ne, kuma saƙar kujeru ce sana'arsa. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun kafin a haife ni, don haka bai taɓa ganin wannan fuskar tawa ba, abin da yake cewa yana cikin manyan sa'o'in da ya taka a duniya. Haka yake, ba ya buɗe baki bai tsokane ni ba. Ni ce autarmu, kuma Auta yake ce mini har yau da nake goyon jikoki.

Rumfarsa tana jikin ta mai walda, a titin da ya bi ta bayan tasha. Mai walda zai haɗa ƙarfen kujera, ya shafa fenti, in ya bushe ya miƙo masa ta saman kwanon da ya raba su. Yaya ya zauna a 'yar kujerarsa ta tsuguno, ya matse ƙarfen tsakanin gwiwoyinsa, ya jawo igiyar roba. Igiyoyin suna rataye a bango, kowace kala da ƙusarta, kuma wanda ya kuskura ya sauya musu wuri zai ji abin da bai taɓa ji ba. Yakan fara saƙa daga sandar da ke kusa da cikinsa, ya yi ta tafiya layi-layi har ya kai can gefe. Haka wanda ya koya masa ya ɗora hannunsa tun yana saurayi, kuma abin ya bi jikinsa. Ko kofuna aka jera masa, daga na kusa da shi yake fara ƙirge.

Da igiyar nan ya aurar da 'ya'yansa, da ita ya yi jinyar matarsa har ta rasu, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Bayan rasuwarta na kwashe komatsaina na dawo gidansa, don ni ma a lokacin nawa mijin ya riga mu gidan gaskiya. Muna zaune lafiya, in dai za a kira zaman da kullum sai an yi musu a kan rediyo zaman lafiya. Rediyonsa tana rataye a ƙusar ƙarshe, kusa da jar igiya, kuma in lokacin zaɓe ya matso ba ta hutawa. Shi ya saurara ya yi shiru. Ni kuwa bakina ba shi da linzami, wanda nake so kowa a layinmu ya san shi, wanda ba na so kuma ko sunansa aka ambata sai na ja tsaki.

Tun ina budurwa ni nake kai Yaya rumfar zaɓe. Mu shiga bayan labule tare, ya sunkuyo ya raɗa mini sunan, in kama babban yatsansa, in danna a tawada, in kai shi kan takarda in dangwala. Kuma da babbar murya nake faɗa, ban taɓa kai yatsan nan inda mai shi bai ce ba. Abin ma da yake faranta mini rai shi ne, kusan kullum wanda nake so shi yake raɗa mini. Sai in fito ina taƙama, ina cewa mu 'yan gidanmu kanmu ɗaya.

To, ana saura 'yan watanni zaɓen da ya wuce, aka aiko ƙungiyar makafi cewa wasu baƙi suna son ganinsu. Wata ƙungiya ce ta ƙasashen waje, ba ta gwamnati ba, ba kuma ta neman riba ba, aikinta taimaka wa ƙasashe su yi zaɓe mai tsafta. Ni dai na ɗauka irin taron nan ne da ake raba ruwan leda a ɗauki hoto a watse. Na raka Yaya ina mita.

Wadda ta jagoranci abin wata doguwar mata ce mai furfura, da jaka goye a bayanta kamar 'yar makaranta, shi ya sa muka sa mata Mai Jaka. Ba ta jin yarenmu, da tafinta take magana. Ta raba wa kowa wani kwali mai kauri, ninke biyu kamar bangon littafi. Ana zura takardar ƙuri'a a ciki. An huda masa tagogi a jere, kowace taga daidai inda ake dangwala wa ɗan takara ɗaya, an kuma yanke kusurwa ɗaya don a gane nan ne sama. Ta ce sun yi aiki da hukumar zaɓe, ranar zaɓe kowace rumfa za a ajiye irinsa. Jami'i zai karanta maka sunaye daga sama zuwa ƙasa, ka riƙe na nawa ne naka, ka shiga kai kaɗai, ka lalubo tagar, ka dangwala.

Na dubi Yaya. Ya riƙe kwalin da hannu biyu yana shafa tagogin a hankali, bakinsa a ɗan buɗe. Rabon da in ga fuskarsa haka tun ranar da aka sa masa jikarsa ta fari a hannu.

Sai aka ce a gwada. An buga takardun wasa da 'ya'yan itace a madadin 'yan takara: mangoro a sama, sai ayaba, sai lemo, sai kankana, abarba a ƙasa. Yaya ne ya fara miƙewa. Tafinta ya ce ya faɗi abin da zai zaɓa, tunda gwaji ne. Ya ce ayaba, ta biyu. Ya shimfiɗa kwalin a kan tebur, ya taɓa yankakkiyar kusurwa, komai daidai. Sai hannun nan ya gangaro kusa da cikinsa, ya ƙirga ɗaya, biyu, ya dangwala. Aka zaro takarda, ga yatsan Yaya ɓaro-ɓaro a kan kankana.

Masu rakiya suka kwashe da dariya, aka faɗa wa makafin, su ma suka ɗauka. Wani ya ce ai dama kankana ta fi cika ciki. Yaya ya yi dariyar tare da su, amma na san dariyarsa, wannan ba ita ba ce. Ya koma ya zauna.

A hanya na ce masa, "Ka gani ko? Da ranar gaske ce, da ka ba wa wani ƙato ƙuri'arka a banza. Ka bar wahalar da kanka, Yaya. Ina nan, ban mutu ba."

Ya ce, "Ni kaɗai zan shiga, Auta."

Wallahi maganar ta soke ni. Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Na ce, "Zargina kake yi? Shekara da shekaru ina riƙe da yatsan nan, yau ka samu kwali na zama ɓarauniya?"

Ya ce, "Ban ce ba."

"To me ka ce?"

Ya miƙo hannu yana neman kafaɗata. Na ba shi, don ba zan bar shi a titi ba, amma har muka isa gida ban ƙara tanka masa ba. Kwanaki na yi ina dangwarar masa da kwanon abinci.

Washegarin taron sai ga Mai Jaka a rumfar da tafintanta, ta bi adireshi ta zo. Ta zauna a kan wata kujerar da ba a gama ba, ta zuba wa hannun Yaya ido yana aiki, ga ƙarar walda, ga hayaƙi, ko a jikinta. Can ta ga inda yake fara layi, ta gyaɗa kai, ta ce yanzu ta gane. Ta ce daga yau duk inda suka je koyarwa za su riƙa tambayar mutum daga ina ya saba fara ƙirge. Ta ciro kwali ɗaya da damin takardun 'ya'yan itace ta ba shi ya riƙa gwadawa. Ba ta lallashe shi ba, ba ta kuma ce abin mai sauƙi ne ba, kuma duk da haushinta da nake ji, wannan ya burge ni.

Ya gwada a gida. In ya nutsu sai ya samu, in aka yi masa magana ko hankalinsa ya ɗan gusa, sai hannun ya koma gidansa na jiya. Na kasa haƙuri na karya shirun da nake yi. Na ce, "Ka riƙe a ka mana, daga sama, daga sama. Abu kamar wasan yara."

Ya ce, "A ka na riƙe ranar nan ma. Hannun ne ya riga ni."

Abin da ya yi bayan nan, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ya daina fara saƙa daga sandar kusa. Ya koma farawa daga can gefe, yana tahowa wajen cikinsa. Mutumin da ya tsufa yana saƙa ta hanya ɗaya ya mai da kansa ɗan koyo. Sai ya miƙa jiki ya ranƙwafa kafin ya kai sandar, igiya ta yi sako-sako, layi ya karkace, ya warware ya sake. Kujerar da yake gamawa kafin rana ta take sai ta kai shi yamma. Mai aski da ya ba da aikin kujerun shagonsa ya zo ya yi ta faɗa, ya ce in tsufa ne ya zo a faɗa masa ya kai wani wuri. Yaya ya ba shi haƙuri, ya ci gaba da abinsa.

Mai walda ya leƙo ta saman kwano ya ce, "Baba, in can ɗin kake son farawa, ka juyo kujerar mana ta dawo kusa da kai."

Yaya ya ce, "Ba kujerar nake koya wa ba, hannun nake koya wa."

Da yamma ni nake shafa masa man zafi a baya, ina yi ina mita, yana cewa in ƙara dannawa, ai hannun mafaɗaciya ya fi shiga jiki. A hankali layukan suka fara miƙewa. Mai aski ya karɓi kujerunsa, ya zauna ya jijjiga, bai samu abin cewa ba. Takardun 'ya'yan itace suka ƙare, na baya-bayan nan duk yatsa a kan ayaba.

Ranar zaɓe muka yi sammako zuwa makarantar da ke bayan layinmu. A wani aji aka sa akwati, an ture bencina gefe, labule biyu a lungu kusa da allo. Da layi ya zo kanmu Yaya ya ce a ba shi kwalin makafi. Jami'in ya ɗan yi lalube a cikin kayansa, ya samo shi, ya zura takardar, ya karanta masa sunayen daga sama har ƙasa, ya maimaita. Na kai Yaya bakin labule, na ɗora hannunsa a kan teburin, na nuna masa inda tawada take. Ya saki kafaɗata ya shige.

Mutumin da ya shiga ɗaya labulen ya fito, na bayansa ma ya shiga ya fito, Yaya bai motsa ba. Ƙafafunsa kawai nake gani ta ƙasan labule, cikin tsohon takalminsa mai tabon fenti. Layi ya fara guna-guni, wani ya ce makaho da rigima, a shiga a taimaka masa mana. Jami'in ya matso ya ce, "Mama, ko za ki leƙa?"

Ƙafata har ta ɗaga. Sai na tuna bayan nan da na yi ta shafa wa mai. Na ce, "Ba mai shiga." Na juya wajen mai guna-gunin na ce, "Kai kuma da idonka biyu, in ka shiga ka yi naka da gudu. Wannan ku ƙyale shi."

Can labule ya motsa. Yaya ya fito da takardar a ninke, yatsansa shuɗi. Jami'in ya kai masa hannu bakin akwati, Yaya ya lalubi tsagar da kansa, ya saki.

Sai da muka fita harabar makarantar na ce, "Me ya zaunar da kai haka? Ka kusa kashe ni."

Ya ce, "Hannun ya so ya gangaro, na mai da shi sama. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Tsayawa na yi kawai. Ban taɓa shiga wurin nan ba tare da numfashin wani a kunnena ba."

Na ce, "To wa ka zaɓa?"

Ya yi murmushi. "Auta, kin tuna zaɓen farko da kika kai ni? Na raɗa miki suna, kika ja tsaki. Kin dangwala inda na ce, ban taɓa shakkar wannan ba. Amma kin yi kwanaki kina dangwarar mini da kwano. Tun daga ranar, wanda na ji kina yabo a gida shi nake raɗa miki."

"Duk shekarun nan?"

"Duk."

Kunya ta kama ni, da tausayinsa, da kuma haushi, don na tabbata yau mutumin nan da ba na ko son jin sunansa ya zaɓa. Tsakin ya taho har bakin haƙorana, na danne shi.

Yaya ya karkato kai yana saurare. Da bai ji komai ba sai ya ɗora hannunsa a kafaɗata, tawadar ba ta gama bushewa ba, ta ɓata mini mayafi.

Ya ce, "Mu je, akwai kujerar da ban gama ba."