Dijatu, da tambayoyin da na amsa mata

Dijatu ta rasu.

Da safen nan aka kira ni, ina shirin dama koko. Ƙanwar mijinta ce. Ta ce, Malama, Dijatu ta sauka jiya da la'asar, an samu mace, amma ita Allah ya karɓi abarsa bayan sallar asuba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san ni sun san ba na yawan rubutu a nan, sai dai in sa addu'ar Juma'a in wuce. Yau dole ce ta sa. Akwai haƙƙin yarinyar nan a wuyana, kuma wadda zan nemi yafiyarta an riga an kai ta makwancinta tun kafin azahar.

Ɗalibata ce a makarantar matan aure da nake koyarwa a Dogo Tebo. 'Yar Fulani ce daga wata ruga wajen Damagum, aure ya kawo ta gari, mijinta yana harkar shanu. Shekara biyu tana zuwa, ban taɓa riga ta isa ba. Kafin in iso ta share ajin, ta shimfiɗa tabarmi.

Da gwiwata ta matsa mini bara, ita ke ɗaukar mini jakar littattafai har bakin titi, ta tsaya sai na shiga keke. In ta je gida ta dawo, sai ta ajiye mini man shanu a 'yar kwalba a gefen jakata, ba ta cewa komai. In na yi godiya sai ta ja hijabi ta rufe baki.

Cikin fari ne da ita. Duk mun gani, babu wadda ta furta, ita ma ba ta furta ba. Kun san kunyar cikin fari, balle 'yar Fulani.

Wata Laraba muna karatun abubuwan da ke warware alwala, sai ta ɗaga hannu. Ita da ba ta tambaya.

Ta ce, "Malama, in tsutsa ta fita a jikin mutum, alwala ta karye?"

Ya Falmata, wata dattijuwar Babarbariya da ke zama a gaba, ta juyo ta ce, "Ke 'yar Fulani, tsutsar taki ce ko ta shanunku?"

Aji ya ɗauki dariya. Dijatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Wata ce ta aiko ni. Mu nono muke sha, Ya Falmata, ku ne masu busasshen kifi."

Aka sake dariya. Da ni a ciki.

Wallahi na ji daɗin tambayar, don ta faɗo daidai kan darasi. Na gyara zama na yi bayani, na ce a mazhabarmu tsutsa ba ta warware alwala, na kawo abin da wasu malaman suka ce, na ce a rubuta. Har na ce wa sauran su riƙa tambaya irin ta Dijatu.

Na san ba wata ce ta aiko ta ba. A ranar ma na sani.

Bayan kamar wata biyu ta tsaya bayan an tashi. Ta ce in ta ɗago daga ruku'u sai ta ga duhu, ko ya halatta ta yi sallah a zaune? Na ce ya halatta, addini sauƙi ne. Na zauna a tabarma na nuna mata yadda ake yi, ta gwada a gabana, na gyara mata inda za ta ajiye hannu.

Hannun nan na riƙe. Tafinsa fari fat kamar an wanke da toka. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Masha Allah, abin nan ya karɓe ki, kin yi haske."

Ta yi murmushi.

Ni fa haihuwata shida. Na je awo, na haɗiyi ƙwayoyin ƙarin jini har na gaji da su, an ba ni maganin tsutsa, an ba ni na rigakafin maleriya. Ba zan ce ban sani ba. Kalma uku ce ta gagare ni: kin fara awo? Na ce a raina kada in ba ta kunya, tana da uwar miji, tana da miji, ni karatu aka kawo mini ita. Haka na lallashi kaina.

Ganina da ita na ƙarshe sati uku ke nan. Ta zo a makare, karon farko. Ta zauna a bakin ƙofa tana haki, silifas ɗinta a hannu don ƙafar ta kumbura ba ta shiga. Da aka tashi ta miƙa hannu za ta ɗauki jakata, na hana ta.

Ta ce, "Malama, ki yafe mini, haddata ta tsaya. In na buɗe sai barci. In na samu lafiya zan biya duka."

Na ce ba komai, Allah ya raba lafiya.

Ita ce ta nemi yafiyata. Ku duba fa.

Da na dawo daga gidan rasuwar na shiga wajen maƙwabciyata, nas ce. Na kwashe komai na faɗa mata, har tambayar alwalar. Ta ce tsutsar ciki iri-iri ce, akwai wadda ake gani, akwai ƙanana da ba a gani, suna shiga ta ƙafa in ana yawo ba takalmi, su maƙale a hanji suna shan jini a hankali. In maleriya ta haɗu da su a jikin mai ciki, sai ta zo haihuwa ba ta da jinin da za ta zubar ko kaɗan. Ta ce duhun gani, da haki, da farin tafin hannu, duk jinin ne ke ƙarewa.

Na ce da ta je awo tun lokacin fa?

Ta ce, "Malama, rai na Allah ne." Ban sake tambaya ba.

Na san ajali in ya zo ba a ƙara masa ko daƙiƙa. Ni nake koyar da wannan. Ba ƙaddara nake tuhuma ba, a'uzu billahi. Amma yarinya ta rasa wanda za ta faɗa wa ciwonta, ta naɗe shi a cikin tambayar fiƙihu ta kawo mini har sau biyu, ni kuma na ba ta hukunci na sallame ta.

A gidan rasuwar, mahaifiyarta ta zo daga ruga. Da aka ce mata ga Malamar Dijatu, sai ta kama hannuna da hannu biyu. Hausarta ba ta da yawa. Ta ce, "Kai ne Malama? Dija yana faɗinka kullum. Ya ce ka koya masa sallah a zaune, bai bar sallah ko ɗaya ba. Allah ya biya ka."

Na ce amin. Abin da na iya ke nan. Na karɓi addu'ar matar nan na fito da ita, kamar wadda ta ɗauki kayan da ba nata ba.

'Yan'uwana malaman mata, ba wa'azi zan yi muku ba, yau ba ni da bakinsa. Amma in mai ciki ta zo muku da tambayar sallah ko azumi, ku amsa, sannan ku dubi idonta da hannunta ku tambaye ta lafiyarta. In kunya ce, ku raka ta.

Gobe da hantsi zan koma gidan kafin mahaifiyar ta koma ruga. Na roƙi wata mai jin Fulatanci ta raka ni, don ina so tsohuwar ta ji komai yadda yake, ba a rage ba. In ta yafe, alhamdulillahi. In ba ta yafe ba, tana da gaskiya.

Ya Allah ka jiƙan Dijatu, ka karɓi shahadarta, ka yalwata kabarinta, ka sanya sallolin nan da ta yi a zaune su tsaya mata ranar tsayuwa. Ka raya jaririyar da ta bari, ka ba ta mai kula da ita da ido buɗe.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya buɗe bakina gobe a gaban tsohuwar nan.