Ranar Da Na Saki Muciya a Kebbe

Ko na tsufa har haƙora sun zube, sunan ɗan yayata da aka yi a Kebbe ba zai fita raina ba.

A danginmu na Tambuwal, ni ake nema in taro ya tashi. Biki, suna, zaman makoki, ni ce a bakin murhu. Ba a tambayata, ni kuma ban iya cewa a'a ba. Na daɗe ƙirjina na bugawa, kullum cikin tsoron kada in yi kuskure a ce na kunyata gida. Likita ya auna ni ya ce zuciyata ƙalau take, damuwa ce. Har haushinsa na ji.

Ranar sunan na iso a babur, hanya ta jijjiga ni har bayana ya riƙe. Ko mayafi ban cire ba aka nuna mini tukunya. Wannan ta ce miya ta yi gishiri, waccan ta ce bai ji ba, ƙannena kuwa suna inuwa suna ɗaukar hoto. Ina cikin tuƙin tuwo numfashina ya sarƙe. Na saki muciya, na zagaya bayan rumbu na durƙushe.

Nan gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta same ni.

"Ɗiyata, mi as same ki?"

Na ce hayaƙi ne. Ta ce ta girmi wannan ƙaryar, ta zauna a ƙasa tana jira. Sai bakina ya buɗe. Na ce na gaji, raina a ɓace yake, ko jaririn ban gani ba, kuma gani nake in ban yi aiki ba ba ni da amfani wurin kowa. Ta ce in je in faɗa wa yayata da bakina.

Na je na faɗa mata. Yaya ta yi sororo ta ce, "Ai mun ɗauka so kike yi."

Har yau in na tuna maganar nan takaici ke kama ni. Duk shekarun nan, wai so nake yi. Ta miƙo mini jaririn, ta kora ƙannenmu murhu. Tuwonsu ya yi gudaji, aka cinye shi tas.

Bugun ƙirjin bai tafi rana ɗaya ba, amma ya ragu tun da na fara faɗin abin da ke raina. Na koyi cewa in ka yi shiru da gajiyarka, ɗauka za a yi daɗi kake ji. Kuma ni ma 'yar gida ce, ina da wurin zama a tabarma ko ban hura wuta ba.